Layin Da Ya Ratsa Ta Gida

Shafi na 19

Masu ta tambaya a ƙasan shafin jiya ko Hamish zai sa wa Merrin hannu ta tashi ita kaɗai, ku nemi wurin zama.

*

Fankar ofishin makarantar tuƙin jirgin sama tana juyawa, amma zafin garin Bourke kawai take rarrabawa.

Merrin ta ajiye kwamfutar hannunta a kan tebur, ta tura ta gaban malaminta.

"Na gama."

Hamish ya ɗago ya dube ta. Tun shekaranjiya yake lura da ita. Ba ta dariya, ba ta fushi, tsiwar nan da take masa har ya rasa ta cewa ma ta daina. In ta zauna sai ka ce an ajiye kaya. Shi kuwa da zai iya, da ya sayi fushinta da tsada, don dai ya ga idon nan ya motsa.

Gobe da sassafe ne tafiyarta ta farko mai nisa ita kaɗai, ba kowa a kujerar gefe. Kuma ba ɗalibin da ke tashi sai malami ya duba hanyar da ya zana ya sa hannu.

Ya jawo allon. Layi mai ruwan hoda ya tashi daga Bourke, ya gangara kudu a kan taswira, ya tsaya a wani ɗan ɗigo, sannan ya juyo. Manhajar ta lissafa komai, mai da iska da lokaci. Amma ɗalibi ba ya dogara da allo kaɗai, don rana na iya gasa shi ya mutu a sama. Dole duk inda layi ya bi ka zaɓi abin da idonka zai gani a ƙasa.

"Alamarki ta farko?"

"Lanƙwasar kogi."

"Ta biyu?"

"Ramin ma'adinan Cobar."

"Ta uku?"

"Jan kwanon rufin Kurrawinya."

Yatsansa ya tsaya a kan ɗigon. Kurrawinya, gonar tumakin mahaifinta, gidan da aka haife ta. Da hannunta ta sa wa ɗigon suna a manhajar: Gida.

"A nan zan sauka," in ji ta. "In gaisa da Baba, in juyo."

Hamish ya gyara murya, ya kira ta da sunan da 'yan gida ke kiranta.

"Mez, ina ganin mu canza hanya. Ki yi gabas. Walgett ta fi."

"Me ya sa?"

"Iska."

Ta miƙa yatsa ta taɓa allon, shafin yanayi ya buɗe.

"Ga iskar nan. Ko hularka ba za ta ɗauke ba."

"Filin saukarku fa? Ƙasa ce. Ramukan zomo."

"Duk wata Baba yake bin sa da tarakta. Kai da bakinka ka ce ya fi na nan laushi."

"Na faɗa?"

"Ka faɗa. Kana cin gasasshen naman Baba a lokacin."

Ba ta yi murmushi ba. Muryarta a miƙe take kamar mai karanta rahoton yanayi.

Ya shafa ƙeyarsa.

"To... ganin hanya ba zai yi kyau ba ta can."

"Saboda me?"

Ya sunkuyar da kai kan allon.

"Hazo ne? Ƙura ce? Faɗa min sunan abin, Malam."

Ba ta ce masa Malam sai in tana son ta nesanta shi. Ya ji kalmar har cikin ƙirjinsa.

Ƙofa ta buɗe, Wal makanike ya leƙo, hannunsa baƙi ƙirin da man inji, hularsa a karkace.

"Kyaftin, na cika miki tanki har wuya. In kika ɓata gobe, ba ruwan jirgina, idonki ne." Ya juya ga Hamish. "Kai kuma Dogo, har yanzu kana nan kana tuƙa magana kamar tsohuwar tunkiya? Ka haɗiye ko ka tofar mana."

"Wal, fita."

"Ni dai na faɗa maka tun jiya, yarinyar nan ba jaririya ba ce."

"Wal!"

Tsohon ya ɗaga hannu biyu, ya ja ƙofar a hankali.

Merrin ba ta ko waiwaya ba.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Na san gidan ya ƙone."

Hamish ya ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashinsa.

"Yaushe kika..."

"Shekaranjiya. Matar maƙwabcinmu ta turo min jaje, da hoto. Ta ɗauka na sani. Wutar daji ta bi ta kanmu da daddare. Bututun murhu ne kaɗai a tsaye, sai tankin ruwa."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce?"

"Kin zo aji. Kin tashi da ni jiya. Kin sauka lafiya lau."

"Jirgin bai ƙone ba ai."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ita ta ci gaba, tana kallon fankar.

"Kullum da safe Baba yana kirana. Sai ya ce, 'Yar tsako, ga ni a baranda ina shan shayi, kare yana kwance a ƙafata. Ni kuma in ce, Baba ka rage sukari. Sai ya yi dariya. Barandar da ba ta nan, Hamish. Shi yana min ƙarya don in gama karatu hankali kwance, ni ina masa ƙarya don ya ji ya iya."

"Mez..."

"Ban yi kuka ba. Na gwada. Na shiga banɗaki na zauna, na jira, bai zo ba. Shi ya sa nake son in je. In na sauka na gan shi tsaye a bakin fili, ko a tanti yake kwana, sai mu daina wasan nan mu biyu. Jan kwanon ma na san babu shi. Na bar shi ne don kada ka gane. Tankin zan nema."

Ta tura masa allon kusa.

"Sa min hannu."

Bai taɓa shi ba.

"Ba zan iya ba."

"Hanyar ba ta da aibu."

"Ba ta da shi."

"To mene ne?"

"Ba wanda zai tsaya miki a bakin filin."

Karon farko idonta ya sauko kansa.

"Maimaita."

Ya sauke idonsa kan ɗigon. Alkawari ya ɗaukar wa mahaifinta a waya, da muryar nan da ke fita da ƙyar: kada ka faɗa mata sai ta sauko daga tafiyarta, Hamish, na roƙe ka. Kwana biyu yana ɗauke da shi kamar garwashi a aljihu.

"Babanki ba ya Kurrawinya. Yana asibiti a Dubbo. Jirgin likita ne ya ɗauke shi a daren. Hannayensa sun ƙone. Amma hayaƙin ne babba, ya shiga huhunsa."

Ta mayar da idonta kan fankar.

"Mez, ki yi magana."

"Shayin fa?"

"Wane shayi?"

"Ina jin ƙarar cokali a kofi in yana magana."

Hamish ya rufe ido.

"Gwaggonki Noreen ce take kaɗa masa a kusa da wayar. Shi ya sa ta."

Merrin ta gyaɗa kai a hankali, kamar an ba ta amsar wata tambayar jarrabawa. Ta duba hannayenta. Ta juya su. Ba sa rawa. Ta yi mamakin yadda ba sa rawa.

"Ya fita daga gidan da wuri, ai. Matar ta ce kowa ya fita."

"Ya fita. Komawa ya yi."

"Don tumaki?"

"Don bishiyar."

Ba sai ya ce wacce ba. Babbar bishiyar turaren nan ta bayan gida, wadda mahaifiyarta ke kwance a ƙarƙashinta. Ya ja bututun ruwa ya je yana jiƙa gindinta, shi kaɗai, har maƙwabta suka zo suka janye shi.

"Ta tsira?"

"Ba wanda ya sani. An rufe hanyar shiga, hoton kuma daga bakin titi aka ɗauka. Noreen ta ce duk wanda ya shigo ɗakin, likita ne ko mai shara, abin da babanki ke tambayarsa ke nan."

Ta ɗauki wayarta. Ta danna, ta sa a bayyane, ta ajiye a tebur.

"Mez, 'yata!" Muryar Gwaggo Noreen ta fito da fara'ar da ta yi yawa. "Ya shirin gobe? Yanzu nake cewa..."

"Gwaggo, ajiye cokalin. Na sani."

Numfashi kawai ake ji. Can sai kuka ya ɓalle wa matar.

"Na ce masa! Na ce masa, Clarrie, wannan ba daidai ba ne, taurin kan nan naka zai kashe mu duka. Ya ce in na faɗa miki ba ni ba shi."

"Ya jikinsa?"

"Da safe da sauƙi. Tun azahar numfashin ya ƙi. Likita ta ce yau da dare za su sa shi barci, su haɗa shi da inji, su wuce da shi Sydney."

"Zai farka?"

"Mez..."

"Gwaggo, zai farka?"

"Ta ce... ba ta yi min alkawari ba. Ta ce in akwai wanda ya kamata ya gan shi da idonsa biyu, ya zo yanzu. Ina riƙe da wayar nan tun ɗazu, na kasa danna sunanki."

"To."

"To me? Mez, kina ji na?"

"Ina ji. Ina zuwa."

Ta kashe.

Hamish ya riga ya miƙe, makullin jirgi a hannunsa.

"Mota ba za ta kai mu ba sai tsakar dare, ga dabbobin kangaru suna ratsa titi. Da jirgi za mu je. Ina kujerar gefe."

"In kana ciki ba za a lissafa min tafiyar ba."

"Mez, wa ke ta lissafi?"

"Na faɗa ne kawai."

"Zana hanyar. Yi sauri, rana ta yi ƙasa."

Ta jawo allon. Yatsunta suka yi aikin da suka saba, ba tare da ita ba. Ta goge Bourke daga ƙarshen layin, ta sa Dubbo. Layin ruwan hodan ya miƙe gabas, amma da gwiwa a tsakiyarsa: ya gangara kudu zuwa Gida tukuna, sannan ya haura.

A ƙasan allon, lokacin isa ya koma ja.

Jirgin makarantar ba shi da kayan tafiyar dare. Dole ƙafafunsa su taɓa ƙasa kafin haske ya ƙare. Jan rubutun yana cewa duhu zai riga su.

Hamish ya leƙo ta kafaɗarta.

"Cire Kurrawinya."

"A'a."

"Mez."

"Ba sauka zan yi ba. Zagaye ɗaya. In ga bishiyar, mu wuce."

"Ba zai yiwu ba. Kalli allon."

"Sai mu ƙara gudu."

"Wannan tsohon jirgin? In kika matsa masa sai ya ajiye miki injin a cinya."

Ta ja layin sama, ta canza tsayin tafiya, ko iskar can za ta tura su. Ja. Ta sauko da shi. Ja. Ta yanke kusurwar, ta matsar da gwiwar gefe yadda za ta hango gidan daga nesa. Ja ɗin bai motsa ba.

"Zai tambaye ni," ta ce. "Ina shiga zai tambaye ni. Ni ce mai jirgi. Ni kaɗai zan iya gano masa."

"Na sani."

"Ya ƙone hannunsa a kanta, Hamish. In ya yi barcin nan bai sani ba..."

Ta tsaya. Ba kuka ba ne, maganar ce kawai ta ƙare.

Ya durƙusa a gefen kujerarta har fuskarsu ta daidaita. Hannunsa ya zo dab da nata a kan tebur, ya tsaya. Wata da watanni yana hana hannun nan abin da yake so, yau ma ya hana shi.

"Saurare ni. In muka bi ta gida, duhu zai kama mu a hanya, dole mu sauka a Nyngan mu nemi mota. Kafin mu isa sun sa shi barci. Za ki san labarin bishiyar, amma ba wanda za ki faɗa wa. In muka bi layin dogo kai tsaye, za ki same shi ido biyu, hannunki babu komai. Ba na uku. Na duba, babu."

"Kai wanne za ka zaɓa?"

"Ba babana ba ne."

"Matsoraci."

"Na yarda."

Ta kalli ɗigon. Gida. Ranar da ta fara karatu ta sa shi, kafin ma ta san yadda ake zana layi. Ta ɗora yatsa a kai ta danne. Ɗan akwati ya fito yana tambaya ko ta tabbata tana son cire wannan wuri daga hanyarta.

Fanka tana juyawa. A waje Wal yana fito, yana jan jirgin daga rumfa.

Ta danna.

Gwiwar ta ɓace. Layin ya miƙe sambal daga Bourke zuwa Dubbo, ja ya koma kore, da ɗan ragowar haske kaɗan a bayansa.

"In ya tambaye ki fa?" in ji Hamish a hankali.

"Zan ce tana tsaye. Zan ce ko ganye ɗaya bai ƙone ba." Ta kashe allon ta rungume shi a ƙirji. "A wurinsa na koya."

*

Kwalta tana tiriri. Wal ya cire katakan da ke tare tayoyi ya jefar gefe. Bai yi wasa ba wannan karon, sai da ya ga fuskarta, sannan ya ƙaƙalo.

"Kyaftin, ki ce wa Clarrie in ji ni, ya tashi ya daina lalaci. Shekara nawa yana min alkawarin cinyar rago."

"Zan faɗa masa."

"Wa zai riƙe muku lokaci?" Wal ya tambaya.

Haka ake yi a nan. Ba mai tashi ya ratsa dajin nan sai ya bar wa wani a ƙasa hanyarsa da lokacin isarsa. In lokacin ya wuce ba ka kira ba, shi zai tada masu nema. Mai riƙe lokaci ba ya barci, ba ya zuwa ko'ina, sai ya ji muryarka.

"Ni zan riƙe," in ji Wal. "Ba inda za ni."

"A'a," Merrin ta ce. "Akwai mai riƙe min."

Ta hau kujerar hagu, ta maƙala allon a mariƙinsa, ta ɗaura ɗamara. Hamish ya zauna a dama. Kafin ta tada inji ta kira Gwaggo Noreen.

"Sa masa a kunne."

Aka yi ɗan motsi. Wata na'ura tana ƙara a hankali, ɗil, ɗil, ɗil. Sai numfashi mai kama da jan buhu a kan siminti.

"'Yar... tsako."

"Baba."

"Ga ni... a baranda. Rana... za ta faɗi. Da kin ga... kyanta."

"Baba, ya isa."

Numfashin ya tsaya, ya dawo.

"Wa ya... faɗa miki? Dogon nan ne?"

"Shi ne."

"Zan... karya masa ƙafa."

"Sai ka tashi tukuna."

Wani abu mai kama da dariya ya taso, ya rikiɗe ya zama tari. Ta jira. Idonta yana kan layin ruwan hodan, a bushe.

"Baba, zan tashi yanzu. Bourke zuwa Dubbo, ta layin dogo. Mutum biyu a ciki. Zan sauka kafin haske ya ƙare. Ka ji hanyar?"

"Na... ji."

"Kai za ka riƙe min lokaci. Ba Gwaggo ba, ba Wal ba. Kai. Ba barci sai na kira. Ka san doka."

Shiru.

"Baba, ka ce ka riƙe."

Ɗil, ɗil, ɗil ɗin ya canza sauti, ya fara sauri. Aka ji kujera ta faɗi. Gwaggo Noreen tana kiran sunansa, Clarrie, Clarrie, takalma suna shigowa da gudu.

"Baba?"

Wata murya ta ɗauki wayar, ta mace, wadda Merrin ba ta taɓa ji ba.

"Ke ce 'yarsa? Kina da nisa?"